Kankare da ruwan teku: ginshiƙin zai ɗauki kaya kuwa?

Masu bincike na gwada kwaɓa kankare da ruwan teku da yashinsa. Ba an ce ruwan gishiri na kashe gini ba?

Abin da gishiri ke ci shi ne rodi. Kankare na da wani kaifi irin na kanwa, shi ke lulluɓe ƙarfe ya hana shi tsatsa. Gishirin teku kuwa, kusan giram 35 a kowace lita, karya wannan kariya yake yi. Tsatsa ta fi ƙarfe cin wuri, sai ta kumbura ta tsage kankaren daga ciki. Duk wanda ya taɓa ganin dakin na ɓantarewa, rodi ya leƙo jawur, ya ga aikinta. Shi kankaren kansa ba ya shan wahala sosai, hasali ma ruwan teku na sa shi kamawa da wuri. Rumawa sun gina tashoshin jiragen ruwa da farar ƙasa da tokar dutse mai aman wuta a cikin teku, wasu na nan har yau, don babu ƙarfe a cikinsu.

To me masu bincike suka sauya?

Rodin suka cire. A madadinsa ana sa sanduna na zaren gilashi, ko na baƙin dutse, ko na kabon, da aka haɗe da ƙaron roba. Wata dabarar ta fi burge ni: a yi bututu da irin wannan zare, ko da ƙarfen da ba ya tsatsa, a ɗura masa kankare. Bututun ya maye gurbin katakon kafinta, sannan ya matse kankaren, in nauyi ya danno daga sama ba shi da wurin buɗewa. A ɗakin gwaji injin ke danna irin waɗannan ginshiƙai har su fashe, wasu kuma a jiƙa su wata da watanni cikin ruwan gishiri mai ɗumi. An yi irin wannan aiki a Jami'ar Monash ta Ostireliya da Jami'ar Miami ta Amurka.

Me ya kai su wannan wahala?

Ƙarancin ruwan daɗi da yashin kogi, musamman a tsibirai da biranen gaɓar teku.

Ba shi da aibu kenan?

Yana da shi. Rodin ƙarfe lanƙwashewa yake kafin ya karye, gini ya yi gargaɗi. Na zare kuwa tsinkewa yake farat ɗaya. Ba a lanƙwasa shi a wurin aiki, daga masana'anta ake yin hakan. Wuta na lalata ƙaron, kuma kaifin siminti na rage ƙarfin zaren gilashi a hankali. Ƙarfen da ba ya tsatsa kuma tsadarsa ce matsala.

Mu a Kano ina ruwanmu, tunda ba mu da teku?

Kada maigida ya ji labarin nan ya ce ai kowane ruwa ma ya yi kwaɓi. Rodin da ake sayowa a Ƙofar Ruwa ƙarfe ne, gishiri kuma ba sai daga teku ba. Masu jima na adana fata da gishiri, don haka ruwan kwatar da ke fitowa daga wuraren jima bai dace da kankare ba, haka ma na rijiya mai zartsi. Ranar zubin pila, ka tambayi ɗan garuwa inda ya ɗebo. Ka kuma tsaya a kan magini ya bar tazara tsakanin rodi da katako, yadda kankare zai rufe ƙarfen ruf.