Dokar lambobin Mersenne: wacce ce firam, wacce ce ba firam ba?

A watan Oktoba 2024 wani mutum a Amurka mai suna Luke Durant, tsohon ma'aikacin Nvidia, kamfanin ƙera kayan kwamfuta, ya gano lambar firam mai alƙaluma 41,024,320, kuma ita ce mafi girma da aka sani a lokacin. Mutane na ta tambaya wai ta ina aka san firam ce, lambar da ko karanta ta ba mai iyawa? To akwai doka a kai.

Lambar firam dai ita ce wadda ba abin da ke raba ta daidai sai 1 da ita kanta. Goro 7 ne a hannunka, ka raba wa mutum biyu ko uku ko huɗu, dole sai an samu ragowa. Goro 6 kuwa nan take ya rabu. Ita 1 ba a sa ta a lissafin, daga 2 ake farawa.

Ita wannan ƙatuwar lamba 'yar gidan Mersenne ce, sunan wani malamin coci ne Bafaranshe da ya fitar da jerinsu a 1644. Yadda ake haɗa su, ka jera 2 adadin da kake so ka yi ta ninkawa sannan ka cire 1. Misali 2 guda biyar, 2×2×2×2×2 ya ba ka 32, ka cire 1 saura 31, firam ce. Ta Durant 2 ne guda 136,279,841.

Sharaɗin farko, adadin 2 ɗin da ka jera dole shi ma ya zama firam. In ka jera guda shida 63 za ka samu, 3 na raba ta 7 ma na raba ta, don shi 6 ɗin kansa 2 sau 3 ne, ka ga tun daga tushe abin ya lalace. Amma fa nan mutane ke zamewa, sai su ɗauka da an cika wannan sharaɗi shi ke nan. Ina! 11 firam ce ba musu, amma ka jera 2 guda goma sha ɗaya ka cire 1 sai ga 2047, wadda 23 sau 89 ce.

Shi ya sa ake kai lamba gaban alƙali, wato gwajin masana lissafi Lucas da Lehmer, kuma gaskiya sauƙinsa na ba ni mamaki. Mu gwada da 31. Ka fara da 4, ka ninka ta da kanta ka cire 2, ya zama 14. Ka sake, 194, ka raba da 31 ragowa 8. Ka sake, 8 sau 8 a cire 2, 62, ka raba da 31 ba ragowa. Zagaye uku ke nan, wato adadin 2 ɗin da ka jera, 5, a cire 2, in ƙarshe ya faɗa kan sifili firam ce, in bai faɗa ba a sallame ta. Ta Durant sai da aka yi mata zagaye sama da miliyan 136, aikin kwamfuta ne zalla, a ƙarƙashin shirin GIMPS na neman firam na gidan Mersenne, da George Woltman ya kafa a 1996.

Duk wannan wahala, firam na gidan Mersenne 52 kacal aka samu har da wannan. Ƙungiyar EFF, mai kare haƙƙin masu amfani da intanet, ta ajiye dala 150,000 ga wanda ya fara kawo firam mai alƙaluma miliyan 100, ta Durant kuwa ko rabin haka ba ta kai ba.