Wutar da ake bai wa na'urar gano hayaƙi a gida

Na'urar gano hayaƙi ƙaramar ƙararrawa ce da ake maƙalawa a rufin ɗaki don ta tashi masu barci idan gobara ta kama. Dokokin haɗa wutar lantarki sun fi damuwa da abu ɗaya game da ita, wato kada ta rasa wuta.

Tarihi

Ana danganta asalinta da Walter Jaeger, masanin kimiyya ɗan Suwizalan, wanda a wajen shekarun 1930 yake neman hanyar gano iska mai guba, sai ya lura hayaƙin sigarinsa ne yake motsa na'urar. Na farkon manya ne masu tsada, sai masana'antu. A 1965 Duane Pearsall, a jihar Kolorado ta Amurka, ya ƙera mai aiki da batir, kuma a shekarun 1970 ta fara shiga gidajen mutane. Batirin ne ya kai ta gida, shi ne kuma rauninta: ya ƙare, ko a cire shi a sa a rediyo.

Dokoki

A Amurka, ƙa'idar ƙararrawar gobara mai suna NFPA 72 da dokokin gini sun ce sabon gida ya ɗauko wa na'urar wuta daga wayoyin ginin, a ƙara batirin ko-ta-kwana. Ba a sa mata makunni. Ana kuma haɗa su ta yadda in ɗaya ta yi ƙara duk su ɗauka. Faransa ta wajabta aƙalla ɗaya a kowane gida daga 8 ga Maris 2015, ta yarda da mai batir kaɗai muddin ta cika ƙa'idar ingancin na'urar ta Turai mai suna EN 14604. Ana saɓani kan wanne tsari ya fi.

A arewacin Kamaru

Wutar gidajen Garwa da Marwa bolt 220 ce, mafi yawa daga madatsar Lagdo da ke kan kogin Binuwai. Idan ruwa ya ja baya da rani ana yawan ɗauke wuta, lokacin da ake kunna kyandir da janareto. Saboda haka na'urar da ba ta da batir ba ta da amfani a nan. Ƙurar hunturu da turaren wuta da hayaƙin girki suna sa ta kuka ba gaira ba dalili, shi ya sa ake nisanta ta da madafi, a riƙa kakkaɓe ta.

Ana sauya na'urar bayan shekara 10.