Dokokin Yaƙi da Hukunta Manyan Laifuka: Tushe da Tarihi

Dokar jinƙai ta ƙasa da ƙasa, wadda aka fi sani da dokokin yaƙi, tarin yarjejeniyoyi ne da al'adun da ƙasashe suka amince da su don rage ɓarnar yaƙi. Ita ke faɗin wanda ya halatta a kai wa hari, da irin makamin da za a ɗauka, da yadda za a yi da wanda ya ji rauni ko aka kama, ko wanda tun farko ba ya cikin faɗan. Ba ruwanta da wanda ya fara tsokana, domin wannan tambaya tana ƙarƙashin kundin Majalisar Ɗinkin Duniya na 1945. Da zarar wuta ta kama, ƙa'ida ɗaya ce ke hawa kan ɓangarorin biyu. Dokar hukunta manyan laifuka ta duniya kuwa ƙanwarta ce: ita ke ɗora alhaki a wuyan mutum shi kaɗansa, ko shugaba ne ko kurtu, idan ya aikata laifin yaƙi, cin zarafin bil'adama, kisan ƙare-dangi ko ta'addar afka wa wata ƙasa. Shekara 81 ce tsakanin yarjejeniyar Geneva ta farko da zaman kotun Nuremberg da ta hukunta shugabannin Jamus bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kuma a duk tsawon lokacin nan akwai doka a takarda amma babu alƙalin duniya da zai tsaya mata.

Kafin Geneva

Al'ummomi da yawa sun san iyakar yaƙi tun kafin a rubuta ta a yarjejeniya. Tsofaffin littattafan Hindu sun hana kibiya mai dafi da kashe wanda ya zubar da makami. A Musulunci, wasiyyar da Halifa Abubakar ya yi wa Yazidu ɗan Abu Sufyan lokacin da ya raka rundunar da ta nufi Sham tana cikin Muwaɗɗa ta Imam Malik, littafin da ake karantawa a zaurukan malamai a ƙasar Hausa har gobe. Ya hana kashe mace da yaro da tsoho tukuf, ya hana sare itace mai 'ya'ya da rushe gari da yanka tunkiya ko raƙumi sai don ci, ya kuma ce a ƙyale masu ibada da suka keɓe kansu a ɗakunan bautarsu. Muhammad al-Shaibani, almajirin Abu Hanifa da ya rasu wajen shekarar 805, ya tsara wannan fanni a rubuce-rubucensa na siyar, wato fiƙihun yaƙi da sulhu, inda ya yi bayanin amana da fursunoni da jakadu.

A Amurka, a tsakiyar yaƙin basasa, Shugaba Lincoln ya fitar wa sojojinsa umarni mai sashe 157 a watan Afrilun 1863, wanda Francis Lieber ya rubuta. Dokar ƙasa ɗaya ce, amma rundunonin Turai sun kwafa daga gare ta.

Solferino

Ranar 24 ga Yuni 1859 sojojin Faransa da Sardiniya suka gwabza da na Ostiriya a kusa da ƙauyen Solferino, a arewacin Italiya. An fara da asuba, kafin dare ya yi an bar mutum kusan 40,000 a ƙasa, matattu da masu rauni, bisa ƙiyasin da aka fi ambata. Wani ɗan kasuwa daga Geneva, Henry Dunant, ya iso yankin yana neman ganin Sarki Napoleon na Uku kan harkar filaye da ruwa da yake yi a Aljeriya. Abin da ya tarar a garin Castiglione ya sa ya ajiye abin da ya kawo shi. An jibge dubban masu rauni a majami'u da tituna da barandar gidaje, likitoci kaɗan, ruwa ya yi ƙaranci, ƙudaje sun rufe raunuka. Dunant ba likita ba ne. Ya tara matan garin, suka riƙa ɗebo ruwa suna wanke miki da ɗaure shi, ya aika mai karusarsa Brescia ya sayo soso da ƙyallen ɗauri da riguna da lemo da sukari da taba. Waɗanda ƙarfinsu ya ƙare, yakan zauna ya rubuta musu saƙon ƙarshe zuwa ga iyalansu. Matan ba su bambanta Bafaranshe da ɗan Ostiriya ba, suna cewa "tutti fratelli", wato duk 'yan'uwa ne. A ganin marubuta da yawa, daga bakin waɗannan mata ne asalin dokar ya fito, kafin lauyoyi su zuba ta a sassa.

A 1862 Dunant ya buga littafin abin da ya gani da kuɗin aljihunsa, ya raba wa sarakuna da hafsoshi. Shawara biyu ya kawo: kowace ƙasa ta kafa ƙungiyar agaji tun lokacin zaman lafiya, sannan ƙasashe su ƙulla yarjejeniyar kare masu rauni da masu jinyarsu. A Fabrairun 1863 mutum biyar suka zauna a Geneva: Dunant, lauya Gustave Moynier, Janar Guillaume-Henri Dufour, da likitoci biyu, Louis Appia da Théodore Maunoir. Wannan zama ne ya zama Kwamitin Red Cross na Duniya. Ranar 22 ga Agusta 1864 ƙasashe 12 suka sa hannu kan yarjejeniyar Geneva ta farko. Sashe goma ne kawai: a kwashe sojan da ya ji rauni a yi masa magani ko na wane ɓangare ne, kada a taɓa asibiti da ma'aikatansa, alamarsu kuma jan gicciye a kan fari. Daular Turkiyya ta ɗauki jan jinjirin wata a yaƙinta da Rasha na 1877 zuwa 1878, aka amince da shi a hukumance a 1929.

Shi kansa Dunant kasuwancinsa ya karye a 1867, aka raba shi da kwamitin, ya shafe shekaru cikin talauci. Ya ƙare rayuwarsa a wani gidan jinya a Heiden. An ba shi kyautar Nobel ta zaman lafiya ta farko a 1901 tare da Frédéric Passy, ya rasu a 1910.

Hague da waɗanda aka bari a waje

Reshe na biyu ya shafi makamai da dabarun faɗa. Sanarwar Saint Petersburg ta 1868 ta hana harsashi mai fashewa da bai kai giram 400 ba, ta ce manufar yaƙi ɗaya ce, a raunana rundunar abokin gaba. Tarukan Hague na 1899 da 1907 suka faɗaɗa wannan, suka hana guba da kashe wanda ya miƙa wuya da wasoson gari. Wakilin Rasha, Fyodor Martens, ya shigar da sharaɗin da ke ɗauke da sunansa har yau: inda rubutacciyar doka ta yi shiru, mutane suna ƙarƙashin kariyar al'adun ƙasashe da ƙa'idojin mutuntaka da lamirin jama'a.

Sai dai ƙasashen Turai sun ɗauki waɗannan dokoki a matsayin alkawari a tsakaninsu kawai. A taron 1899 wakilin Birtaniya ya kare harsashin dum-dum, mai buɗewa a cikin jiki, da hujjar cewa ana buƙatarsa a yaƙe-yaƙen mulkin mallaka. A cikin watan Mayun da aka buɗe taron, rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ta ƙone Birnin Konni ta karkashe mutanen garin, bayan ta yi irin wannan a ƙauyuka masu yawa a kan hanyarta. Mutanen Konni ba sa cikin waɗanda aka rubuta dokar dominsu, haka ma mutanen Satiru da aka hallaka a 1906. Wannan giɓi ya daɗe, kuma yana daga cikin dalilan da suka sa ƙasashen Afirka suka shiga tattaunawar ƙarin yarjejeniyoyin Geneva na 1977 da zafi.

1949 da 1977

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka sake gina komai. Yarjejeniyoyin Geneva huɗu na 12 ga Agusta 1949 sun shafi masu rauni a tudu, masu rauni a teku, fursunonin yaƙi, da farar hula. Ƙasashe 196 sun amince da su. Sashe na 3, wanda ke cikin duka huɗun, shi ne ya fara shigar da yaƙin basasa: ya hana kisa da azabtarwa da garkuwa da mutane da zartar da hukunci ba tare da shari'a ba. Yaƙin basasar Nijeriya na 1967 zuwa 1970 ya gwada shi. Gwamnatin Gowon ta fitar wa sojojinta ƙa'idar aiki, amma toshe hanyar abinci da yunwar da ta biyo baya sun nuna ƙarancin sashen. Ƙarin yarjejeniyoyi biyu na 8 ga Yuni 1977 sun hana amfani da yunwa a matsayin makami, na farkon kuma ya ɗauki yaƙin neman 'yanci daga mulkin mallaka a matsayin yaƙin ƙasa da ƙasa.

Ginshiƙan ƙa'idojin su ne bambance mayaƙi da farar hula, auna ribar soja da ɓarnar da hari zai jawo, yin taka-tsantsan, da hana wahalarwa marar dalili.

Daga Breisach zuwa Nuremberg

Ana yawan ambatar shari'ar wani gwamna, Peter von Hagenbach, a garin Breisach a 1474 a matsayin shari'ar ƙasa da ƙasa ta farko kan manyan laifuka. Alƙalai daga garuruwa daban-daban suka ƙi karɓar uzurinsa na cewa umarnin ubangidansa ya bi, aka fille masa kai. Masana ba su daidaita ba kan ko kotun ta cancanci sunan ta ƙasa da ƙasa. Moynier ya kawo shawarar kafa kotu ta dindindin a 1872, ba wanda ya saurare shi. Yarjejeniyar Versailles ta 1919 ta tanadi gurfanar da Sarkin Jamus Wilhelm na Biyu, amma Holan ta ƙi miƙa shi. Daga jerin sunaye kusan 900 da aka zarga, mutum 12 ne suka tsaya gaban kotun Leipzig a 1921, hukuncin kuma ba nauyi.

Yarjejeniyar Landan ta 8 ga Agusta 1945 ce ta kafa kotun Nuremberg, da alƙalai daga Amurka, Birtaniya, Faransa da Tarayyar Sobiyat. An fara zama ranar 20 ga Nuwamba 1945, aka yanke hukunci ranar 1 ga Oktoba 1946. Cikin mutum 22 da aka yi wa shari'a, 12 aka yanke wa kisa, 3 ɗaurin rai-da-rai, 4 ɗaurin shekaru, aka sallami 3. Masu gabatar da ƙara sun fi dogara da takardun da 'yan Nazi suka rubuta da hannunsu. Abin da kotun ta kafa ya fi adadin waɗanda ta hukunta muhimmanci: mutane ne ke aikata laifi, don haka mutane za a hukunta, muƙami ba ya kare kowa, cewa "umarni aka ba ni" ba ya wanke mutum, sai dai ya rage hukunci. Kotun Tokyo, wadda ta yi wa shugabannin Japan shari'a, ta bi sahu, inda alƙalin Indiya Radhabinod Pal ya ƙi amincewa da hukuncin, yana ganin shari'ar mai nasara ce a kan wanda aka kayar.

Raphael Lemkin, lauya Bayahude ɗan Poland wanda ya rasa mafi yawan danginsa, shi ya ƙirƙiro sunan laifin kisan ƙare-dangi a 1944, ya yi ta bin wakilan ƙasashe har aka amince da yarjejeniyar hana shi ranar 9 ga Disamba 1948.

Kotunan zamani

Yaƙin cacar baka ya dakatar da aikin fiye da shekara 40. Kwamitin Sulhu ya kafa kotun tsohuwar Yugoslabiya a 1993, da ta Ruwanda a Arusha a 1994. A can ne, a Satumbar 1998, aka sami Jean-Paul Akayesu, shugaban gundumar Taba, da laifin kisan ƙare-dangi, kuma aka ƙidaya fyaɗe cikin hanyoyin aikata shi. Charles Taylor, tsohon shugaban Laberiya, wanda aka kama a Gamboru ta jihar Borno a Maris 2006, ya sami ɗaurin shekara 50 daga kotun Saliyo. Hissène Habré na Chadi an yanke masa ɗaurin rai-da-rai a Dakar ranar 30 ga Mayu 2016, bayan waɗanda suka tsira daga kurkukunsa sun shafe shekaru da dama suna bin shari'ar.

Ƙasashe 120 suka amince da Yarjejeniyar Rum, wadda ta kafa kotu ta dindindin, ranar 17 ga Yuli 1998, ta fara aiki ranar 1 ga Yuli 2002. Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya da ke Hague ba ta shiga sai kotunan ƙasa sun gaza ko sun ƙi. Ba ta da 'yan sanda, ƙasashe ne ke kamo mata wanda ake nema. Hukuncinta na farko ya faɗa kan Thomas Lubanga na Kwango a 2012, kan sa yara aikin soja. A 2016 ta ɗaure Ahmad al-Faqi al-Mahdi shekara 9 kan rusa hubbarorin Tumbutu.

Taƙaddama

Amurka, Rasha, Sin da Indiya ba sa cikin kotun. An zarge ta da mayar da hankali kan Afirka. Masu kare ta na cewa gwamnatocin Afirka ne da kansu suka kai yawancin ƙararrakin farko. Burundi ta fice a 2017, Filifin a 2019, sannan Mali da Burkina Faso da Nijar suka sanar da ficewarsu a Satumbar 2025.