"Blue Monday": ku karanta nan kafin ku sake tambayata

Tun ranar da na yi kuskuren cewa ina tara tsofaffin faya-fayen garmaho, tambayoyin nan ne dai kan waƙar "Blue Monday" suke ta zuwa mini, kamar an haɗa baki. Ga amsoshin a wuri ɗaya.

Waƙar su wa ce?

New Order, 'yan Manchester ta Ingila. Kamfanin faya-fayen waƙa na Factory ne ya fitar da ita ranar 7 ga Maris, 1983.

Ba su ne Joy Division ba?

Su ne, ban da mawaƙinsu Ian Curtis da ya rasu a watan Mayun 1980. Bernard Sumner da Peter Hook da Stephen Morris suka canja suna, suka ɗauko Gillian Gilbert ta zama ta huɗu.

Na saurara har ƙarshe ban ji an ambaci sunan waƙar ba. Ko tawa ce ba ta cika ba?

Taka ƙalau take. Sunan ba ya cikin baitukan, kwantar da hankalinka.

Me ya sa kiɗa yake ta tafiya ba a fara waƙa ba?

Don filin rawa aka yi ta. Tsawonta kusan minti bakwai da rabi ne, kuma sai an ci wajen minti biyu kafin Sumner ya buɗe baki. Mai gaggawa ya nemi wata.

Ai kiɗan inji ne, wace gwaninta ce a ciki?

Wannan tambayar ce take ɓata mini rai. Kana zaune da wayar da za ta haɗa maka kiɗa cikin minti biyar, kana raina mutanen da suka yi aiki a 1982. Bugun gangar nan mai kama da ɓarin harsashi da ya buɗe waƙar, da na'urar Oberheim DMX aka tsara shi, bugu ɗaya bayan ɗaya. Gillian Gilbert ma da hannu ta riƙa shigar da sautin cikin na'ura, ta tsallake guda, karin ya ɗan goce daga kan bugun. Da suka saurara suka ji ya fi daɗi a haka, sai suka bar shi. Jitar Peter Hook kuwa yatsun ɗan Adam ne a kanta.

Ta samu karɓuwa da ta fito?

Da fari ta tsaya a ta 12 a jerin waƙoƙin da suka fi kasuwa a Birtaniya. Gidajen rawa suka ƙi rabuwa da ita, ta dawo ta kai ta 9 a watan Oktoba. A 1988 aka sake gyara ta ƙarƙashin mai tsara kiɗan nan na Amurka, Quincy Jones, ta kai ta 3. Har yau ita ake ambata a matsayin faifan waƙa mai inci 12 da ya fi kowanne ciniki. Abin dariyar shi ne zuwansu shirin waƙoƙi na talabijin ɗin BBC, Top of the Pops: kowa motsa baki yake yi kan faifai, su suka kafe sai sun buga kai tsaye, na'urorin suka ba su kunya a gaban jama'a.

Wani zai sayar mini da faifan, ya ce bugun farko ne. Yaya zan gane, kuma nawa zan biya?

To, a nan sai mun zauna. Fara da kwalin. Peter Saville ne ya zana shi, ya yi shi baƙi, da siffar tsohon faifan kwamfuta mai lanƙwasa. Kwalayen farko an huda su: rami a tsakiya, da wani dogon tsagi, da ɗan yanka a gefe, ta cikinsu kana hango takardar ciki mai ruwan azurfa. Wannan hudawar ce ta ci kuɗi, har labari ya bazu cewa Factory faɗuwa yake yi a kan kowane faifai. Akwai masu cewa an ƙara wa labarin gishiri, amma dai daga baya an daina hudawar. Saboda haka kwali mai rami alama ce mai kyau, sai dai ba ta isa hujja ba. Kwali daban, faifai daban. Ana iya zura sabon faifai cikin tsohon kwali, kuma an sake buga waƙar a shekarun baya-bayan nan da kwali mai kwaikwayon na asali. Nemi lambar FAC 73, ka tabbata waƙar "The Beach" ce a ɗaya fuskar faifan. In ka ga an rubuta 1988, wancan gyaran ne, ba laifi ba ne amma ba shi aka ce za a sayar maka ba. An kuma buga ta a wasu ƙasashen, kowanne da ɗan bambancinsa, don haka sa mai shi ya ɗauko maka hoton rubutun da aka karce a jikin faifan kusa da tsakiya, ka gwada da na masu tarawa. Ni an taɓa yi mini haka: kwali tsaf, na biya, na zo gida na ɗora allura, sai ƙara kamar ana suyar gyaɗa. Tun daga nan ba na biya sai na ji da kunnena, ko a turo mini bidiyo yana juyawa. Maganar farashi kuwa ta danganta da lafiyar faifan da ta kwalin, amma ka riƙe abu ɗaya: abin da aka sayar da kwafinsa dubu ɗaruruwa ba ya wuyar samu. Duk wanda ya ce maka saura shi kaɗai a duniya, yi masa sallama.

Babu sunansu a kwalin, na bogi ne?

Haka aka yi shi. 'Yan launukan da ke gefe su ne rubutun, kowane harafi da launinsa. Mabuɗin yana bayan kwalin kundinsu na 1983, Power, Corruption & Lies.

To ai sai in sayi kundin in huta?

Bugun Birtaniya na farko ba ya ɗauke da waƙar. Na faɗa, na sake faɗa.

Za ka sayar mini da naka?

A'a.