Bayanin Nasabar Dawaki a Wuraren Nuni

Bayanin nasaba shi ne jerin sunayen iyaye da kakannin doki wanda ake bugawa a ɗan littafin da ake raba wa 'yan kallo, ko ake sayar musu, a wurin nunin dawakin jinsi guda. A irin wannan taro ana shigo da doki fili da ragama kawai, ba sirdi ba mahayi, mai jan sa ya tsayar da shi, ya taka da shi, sannan ya sa shi sassarfa a gaban alƙalai. Al'adar ta fi ƙarfi a nunin dawakin Larabawa, irin wanda aka fara a 1955, ake kuma yin sa duk watan Fabrairu a Scottsdale ta jihar Arizona a Amurka, da na birnin Aachen a Jamus, kuma su ne misalin da wannan maƙala ta fi dogara a kai.

Abin da littafin ya ƙunsa

Kowane doki yana da lamba, ita ce kuma mai jan sa yake maƙalawa a jikinsa. A ƙarƙashin lambar ake rubuta sunan dokin, da ranar haihuwarsa, da launinsa, da sunan wanda ya kiwata shi, da na mai shi a yanzu, domin sau da yawa mutane biyu ne daban. Daga nan sai nasaba. A taƙaice ana rubuta sunan uba, a sa alamar x, sannan sunan uwa, wani lokaci a ƙara da sunan uban uwar. Idan an shimfiɗa ta a jadawali, ɓangaren uba ne a sama, na uwa a ƙasa, ana karantawa daga hagu zuwa dama. Jadawali mai hawa huɗu yana ɗauke da sunaye 30, mai hawa biyar kuma 62.

Sunan kansa yakan faɗi abubuwa da dama ga wanda ya iya karanta shi. Wanda ya ga an rubuta *Bask, Witraz x Balalajka, zai fahimci daga tauraron da ke gaban sunan cewa shigo da dokin aka yi Amurka daga wata ƙasa, kuma haka ne, domin a Poland aka haife shi a 1956, aka kai shi Amurka a 1963. Harafin farko na sunansa ya zo daidai da na uwarsa saboda ƙa'idar masu kiwon Poland ce a raɗa wa ɗan doki suna da harafin da sunan goɗiyar da ta haife shi ya fara da shi. A dawakin Masar ana yawan ganin Ibn da Bint, wato ɗan wane da 'yar wance, kamar Bint Samiha, uwar shahararren ingarman nan Nazeer da aka haifa a 1934. Manyan bargogi kuma sukan liƙa sunansu, kamar yadda Al Shaqab ta Katar take yi.

Layin uwa

Layin da yake can ƙasan jadawali, wato uwa, da uwar uwa, da uwarta, shi ne Larabawan ƙauye suka fi bai wa muhimmanci, domin ta wajen goɗiya suke lissafa dangin doki, kuma da baki suke riƙe wannan salsala tun kafin a fara rubuta ta. Dangogi biyar da aka fi ambata su ne Kuhailan, da Saƙlawi, da Ubayyan, da Hamdani, da Hadban, kowanne da rassansa, waɗanda galibi ake kira da sunan mutumin ko gidan da ya riƙe goɗiyar. Abbas Pasha na Ɗaya, mai mulkin Masar da ya rasu a 1854, ya aika wakilai cikin ƙabilun Larabawa suka rubuto masa asalin dawakin da ya tara, kuma wani ɓangare na jinin waɗannan dawaki ya isa bargar Crabbet da Wilfrid Blunt da matarsa Anne suka kafa a Ingila a 1878. Har yau wasu littattafan nuni suna rubuta sunan dangi a gefen sunan doki, ko da yake binciken ƙwayoyin gado ya nuna cewa dawakin da suke amsa sunan dangi ɗaya ba lallai ne su haɗu a uwa ɗaya ba.

Inda bayanin yake fitowa

Masu shirya nuni ba sa karɓar nasaba daga bakin mai doki. Daga kundin rajistar jinsi suke kwafo ta. Tsarin irin wannan kundi ya samo tushe daga na dawakin sukuwa na Ingila, wanda James Weatherby ya fara wallafawa a 1791. Ga dawakin Larabawa, ƙungiyar duniya da ake kira WAHO, wadda aka kafa a 1970, ita ce take amincewa da kundin kowace ƙasa. A da shaidar mai barga da kwatancen launi da fari-farin goshi da ƙafafu ake dogara da su, daga baya aka koma gwajin jini, yanzu kuwa ana tuge 'yan gasu daga geza ko wutsiya a gwada ƙwayoyin gadon da ke saiwarsu domin tabbatar da uba da uwa kafin a yi wa ɗan doki rajista.

Duk da haka ana samun kuskuren bugu, kuma ɗan kallo mai lura yana iya kama wasu da ido. Kili ko hurde, wato dokin da ake haifa da duhun launi yana yin fari yana girma, dole ne ɗaya daga iyayensa ya zama irin sa. Haka kuma jan doki mai jan geza da jar wutsiya, idan ya barbari goɗiya mai irin launinsa, ja kawai za su haifa.

Abin da ake ɓoye wa alƙalai

Wani abin lura shi ne, littafin da ke hannun kowa a rumfar kallo haramun ne ga alƙalan da ke cikin fili. A nune-nunen da ke bin dokokin ECAHO, hukumar dawakin Larabawa ta Turai da aka kafa a 1983, ba a yarda alƙali ya duba littafin ba kafin taro ko a lokacinsa, lamba kawai yake gani. Maki yake bayarwa, iyakarsa 20 a kowane fanni, a kan kamannin jinsi, da kai da wuya, da gangar jiki da layin baya, da ƙafafu, da tafiya. Dalilin a fili yake: sunan ingarman da ake biyan kuɗi masu yawa kafin a kai masa goɗiya yana iya rinjayar ido, a ga kyan da babu shi. Sai dai idan mutumin da yake jan dokin a fili sananne ne, ba ya ɓoyuwa ga alƙali, kuma wannan rauni ne da dokar ba ta toshe ba.

Ga 'yan kallo kuwa, da yawansu masu kiwo ne da suka zo neman ingarman da za su haɗa da goɗiyoyinsu, saboda haka suke bin ajin dukusai da alƙalami, suna yi wa 'ya'yan uba ɗaya alama don su ga ko yana gadar da dogon wuya ko karkatacciyar ƙafa. Sunan da ya fito sau biyu, sama da ƙasa, alama ce ta haɗin dangi na kusa, abin da ke kafe kama amma yake iya fito da cututtukan gado, irin rashin garkuwar jiki da ke kashe ɗan dokin Larabawa cikin watanninsa na farko idan ya gaje shi daga iyaye biyu. Gogaggu ba sa ruɗuwa da babban suna da ke can nesa, domin a lissafi rabin gado ne daga kowane mahaifi, rubu'i daga kowane kaka, kakan da ke hawa na biyar kuwa abin da ya rage nasa bai wuce kashi 3 da ɗoriya cikin 100 ba.