Dokar Tennessee Promise: yadda wata jiha a Amurka ta ɗauke wa ɗalibai kuɗin kwaleji

A shekarar 2014 majalisar dokokin Jihar Tennessee ta amince da wata doka da gwamnan lokacin, Bill Haslam, ya gabatar mata. Dokar ta ce duk yaron jihar da ya gama sakandare zai iya shiga kwalejin al'umma ko ta koyon sana'a ba tare da ya biya kuɗin makaranta ba. A 2015 rukunin farko na ɗalibai suka fara cin moriyarta.

Kwalejin al'umma a Amurka makarantar shekara biyu ce da ke kusa da gida, kuɗinta kuma bai kai na jami'a ba. Wani ya gama ya wuce jami'a ya ƙarasa digiri, wani ya fito ya kama aiki. Tennessee na da irinsu 13, ga kuma kwalejojin sana'a da ake kira TCAT, inda ake koyar da walda, kanikanci, aikin lantarki, gyaran na'urar sanyaya ɗaki da aikin jinya. Burin Haslam a lokacin shi ne zuwa 2025 kashi 55 cikin 100 na manyan jihar su mallaki digiri ko takardar shaidar ƙwarewa.

Sharuɗɗan ba su da wuya, amma sakaci da ɗaya kan jawo asarar damar gaba ɗaya. Ɗalibi zai nema tun yana ajin ƙarshe na sakandare, ya cike fom ɗin neman tallafin gwamnatin tarayya mai suna FAFSA, ya halarci taron da ake haɗa shi da mai ba shi shawara, sannan ya yi wa al'umma aikin sa-kai na awa 8 a kowane zangon karatu. In ya shiga, karatun cikakken lokaci zai yi, kuma kada matsakaicin makinsa ya yi ƙasa da 2.0 cikin 4.0. A kwalejin al'umma tallafin zango biyar ne.

Inda mutane da yawa ke kasa fahimta shi ne yadda ake biyan kuɗin. Jiha ba ita ke fara zubawa ba, cikon mudu take yi. Sai an fara cire abin da ɗalibi ya samu daga tallafin tarayya na Pell, wanda ake ba masu ƙaramin ƙarfi, da kuma tallafin karatu na jiha irin su HOPE, sannan ta biya ragowar. To ɗan talaka, wanda Pell ɗinsa ya riga ya rufe kuɗin makarantar, sau da yawa ko dala ɗaya ba ya samu daga wannan asusu. Ɗan mai matsakaicin ƙarfi ne ya fi amfana. Kuma dokar ba ta ɗauki nauyin littattafai, kuɗin mota, haya ko abinci ba, alhali su ne ke sa yaron da ke aikin dare a shago ya bar karatu a tsakiya. A ganina wannan giɓi ne babba da bai kamata a kawar da kai daga gare shi ba.

Duk da haka dokar ta yi abin a yaba. Yaron da babu wanda ya taɓa zuwa kwaleji a gidansu yanzu yana jin magana guda mai sauƙi: in ka gama, akwai gurbinka. Ga kuma babba da zai kira shi ya tuna masa ranar rufe fom. Wannan tsari daga Knoxville, wani birni a jihar, aka ɗauko shi, inda wani shiri mai suna Knox Achieves ya fara gwada shi a 2008.

Kuɗin daga asusun da aka kafa da rarar cacar jiha yake fitowa, abin da mai karatu Musulmi zai so ya sani. A 2017 aka ƙara wata dokar, Tennessee Reconnect, don manyan da ba su da digiri. 'Yan'uwanmu da ke zaune a jihar da katin zama na dindindin 'ya'yansu na iya nema, amma wanda ya je da bizar karatu daga Kano ko Maradi ba ya ciki.