Me tauraron ɗan'adam ke gani idan ya ratsa saman Zariya?

Aikina zana taswira ne daga hotunan sama. Duk sanda na buɗe kwamfuta a majalisarmu ta Samaru, tambayoyin ba sa wuce waɗannan, daga ɗalibai har dattawa.

Malam, yaya za a auna ƙasa ba tare da an taka ta ba?

Da haske. Rana na haska ƙasa, kowane abu kuma da yadda yake mayar da hasken. Ruwa na shanye mafi yawansa. Tsandauri na mayar da shi da ƙarfi. Ɗanyen ganye kuwa yana mayar da wani haske mai maƙwabtaka da ja, wanda idonmu ba ya gani amma na'ura na kamawa. Tauraron Landsat na Amurka, daga nisan kilomita 705, yana auna wannan ya aiko da shi a matsayin lambobi, mu kuma mu mayar da lambobin launi.

Mun saba ba wa ganye launin ja don ya fito sosai. In ka dubi hoton Zariya na watan Maris, ƙasa duk ta yi fari fat, sai wani jan zare da ke bin Kogin Galma yana lanƙwasa. Wannan rake ne da tumatir da albasar masu noman rani. Ranar da na nuna wa wani Baba mai fadama wannan, ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗora yatsa ya ce, "Nan ne wurin da ruwa ke kwanciya." Bai yi kuskure ba.

Yana ganin mutum a tsakar gidansa?

Waɗanda muke aiki da su, a'a. Kowane ɗigo a hoton Landsat fili ne mai mita 30 tsawo da faɗi, wato filin ƙwallo guda bai wuce ɗigo takwas ba. Sentinel-2 na Turai, wanda aka fara harbawa a 2015, ɗigonsa mita 10 ne. Akwai na 'yan kasuwa masu nuna mota da rufin ɗaki, amma fuskar mutum ba ta fita.

To mene ne amfaninsa, tunda muna ganin garinmu da idonmu?

Ido na gani, amma yana mantuwa, kuma canjin ƙasa a hankali yake zuwa kamar furfura. An harba Landsat na farko a 1972, jerin bai yanke ba har Landsat 9 na 2021, kuma kowane tauraro cikin na baya-bayan nan na komowa kan wuri ɗaya duk kwana 16. Ke nan akwai tarihin Zariya na sama da shekara 50 a ajiye. Daga 2008 Amurka ta mayar da hotunan kyauta.

Jera hotunan shekara bayan shekara, ka ga yadda Samaru da Sabon Gari da Tudun Wada da Birni, waɗanda a da gonaki ne tsakaninsu, suke ta miƙa wa juna hannu. Ka ga gini na cin fadama. Ka ga zaizaya na buɗe baki a gefen Kogin Kubanni, ƙasar da ta kwasa kuma ba ɓacewa take ba, cikin dam take zama ta rage masa ciki. Wannan ne ya fi damuna, domin fadamar da aka yi wa siminti ba ta shan ruwa, ruwan kuwa sai ya nemi hanya, sau da yawa ta cikin ɗakin wani.

Tafkin Chadi ma haka aka tabbatar da labarinsa. A shekarun 1960 faɗinsa ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000, bayan farin shekarun 1970 da 1980 kuwa sai ɗan abin da ba a rasa ba. Masunta sun faɗa tun tuni, hoto ne ya sa duniya ta yarda.

Tudu da kwari fa, ai hoto a shimfiɗe yake?

Wannan aikin rada ne, wato na'urar da ke auna nisa da siginar rediyo. A watan Fabrairun 2000 kumbon Endeavour na Amurka ya yi kwana 11 yana aika sigina ƙasa yana karɓar amsa, ya auna tsayin kusan kashi 80 cikin 100 na sandararriyar ƙasar duniya. Da wannan awon Dutsen Kufena ke tashi tsaye a kwamfuta, a kuma gane inda ruwan sama zai gangara kafin a yanka fuloti ko a ja hanya. Wani alherin rada shi ne tana ratsa gajimare. A watan Agusta hoton haske yakan zo fari sol da girgije, hunturu kuma hazo ya dusashe shi.

Zai iya ƙirga itatuwan da aka sare?

A daji mai yawan itatuwa, irin na Kamuku a Birnin Gwari, ɓarna na fita ƙarara. Amma arzikinmu na nan itatuwan gona ne, ɗorawa nan, kaɗanya can, kuka da rimi jefi-jefi. Ɗorawa ɗaya ba ta cika ɗigon Landsat, don haka mai gawayi zai iya kayar da goma hoto bai nuna komai ba. Sai an haɗa da hoto mai kaifi da kuma tafiya da ƙafa.

Ke nan yana kuskure?

Yana yi, mai fassara shi ma yana yi. Na taɓa shata wani wuri a matsayin daji, da na je na tarar gonar mangwaro ce. Kwamfuta kan rikita falalen dutse da rufin kwano, ko dawa da ciyawa a tsakiyar damina. Shi ya sa ba na sa hannu a taswira sai na ɗauki GPS, na'urar da ke nuna daidai inda mutum yake, na hau babur na je, na gaida mai unguwa, na tambayi masu gona abin da ke wurin bara da bara waccan. Su ne ke gaya mini wane kwari ne ke ƙafewa da wuri, da shekarar da aka sare kurmin.

Najeriya na da nata?

Tana da tarihi a nan. An kafa hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasa, NASRDA, a 1999, aka harba tauraron NigeriaSat-1 daga Rasha a Satumban 2003, sannan NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X a 2011. Akwai kuma cibiyar ƙasa ta aiki da hotunan tauraron ɗan'adam a Jos.

Ni ɗalibi ne, daga ina zan fara?

Daga unguwarku. Buɗe Google Earth, ka nemo gidanku, ka ja ma'aunin shekaru baya ka ga abin da ke wurin a da. Daga nan ka sauke manhajar zana taswira ta QGIS, kyauta ce, ka ɗauko hoton Landsat ɗaya na rani da ɗaya na kaka ka kwatanta. A Jami'ar Ahmadu Bello ana koyar da wannan a sashen nazarin ƙasa da na safiyo. In ka ga wani abu a hoton da ba ka gane ba, ka kai wa kakanka ya duba, sannan ku je wurin tare.